Tambayoyin Masu Karatu: Wa Ke Tsaron Ingancin Irin Dankalin Turawa?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan irin dankalin turawa suke. Mun zaɓi huɗu da suka tattaro abin da sauran suke ta nanatawa, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a ƙaramar hukumar Bokkos ta jihar Filato. A daminar da ta wuce na sayi irin dankali a kasuwa, mai sayarwa ya tabbatar mini cewa nau'in Marabel ne mai kyau, kuma a ido babu abin kushewa a jikinsa. Bayan shuka ta tashi sai ta riƙa yin yaushi da rana tsaka alhali ƙasa da danshinta, daga baya ta bushe, da na tona kuma na tarar 'ya'yan sun fara ruɓewa. Shin babu dokar da ta hana a sayar wa manomi iri mai cuta? In akwai, ina zan kai kukana?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Alamun da ka zana sun fi kama da cutar yaushi wadda ƙwayar bakteriya ke haddasawa, kuma kana iya tabbatarwa da kanka idan ta sake bayyana. Ka yanke karan shukar da ta yi yaushi daga kusa da ƙasa, ka tsoma bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, ka bar shi ba motsi. Idan cutar ce, cikin 'yan mintoci za ka ga wani farin abu kamar zare yana sauka daga karan. Idan kuma ka raba ƙwayar dankalin biyu, za ka ga zobe mai ruwan ƙasa a kewayen cikinta, wanda yake fitar da farin ruwa mai yauƙi in an matsa. Abin da ya sa wannan cuta ta zama annoba a harkar iri shi ne, a wuri mai sanyi kamar tsaunukan Filato takan ɓuya a cikin dankali ba tare da wata alama ba, ta yadda mai sayarwa yana iya rantsewa da gaskiyarsa cewa kayansa lafiyayye ne alhali cuta yake miƙa maka.

Doka kuwa akwai ta. Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, wadda ake kira NASC a taƙaice, ita ce ke da alhakin ingancin iri a Nijeriya, kuma tana aiki ne da dokar shekarar 2019 wadda ta maye gurbin ta 1992. A tsarinta iri hawa uku ne: wanda ya fito daga hannun masanan da suka samar da nau'in, sai irin tushe da ake ninkawa daga gare shi, sannan irin da aka tantance wanda shi ne ake sayar wa manomi. Kafin a kira iri tantacce sai an yi wa gonar da aka noma shi rajista, jami'an hukuma sun duba ta tun shukar tana tsaye, sun sake duba amfanin bayan tono, sannan a liƙa wa buhu takardar shaida mai sunan nau'in da na wanda ya noma shi. Hukumar ta kuma fito da wata lamba da ake kankarewa a tura ta waya domin a gane takardar gaskiya da ta jabu. Wanda ya sayar da gurɓataccen iri da sunan tantacce ya yi laifin da ke jawo tara ko ɗauri.

Sai dai dole in faɗa maka abin da ba zai yi maka daɗi ba. Abin da ka saya, bisa bayaninka, babu takardar shaida a jikinsa, babu rasit, kuma da wuya a ce an taɓa noma shi da niyyar iri. Galibi ƙananan dankalin ci ne da aka tsince daga cikin manya aka ware gefe. Hukuma ba ta taɓa ganin gonar da ya fito ba, saboda haka ba ta da abin da za ta kama. Kuma ba kai kaɗai ba ne a wannan hali, domin kusan duk irin da ake shukawa a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin ta wannan hanya yake yawo, daga rumbun manomi zuwa na maƙwabcinsa, ko daga kasuwa zuwa gona. Doka tana tsaron wata 'yar ƙaramar ƙofa ce, alhali jama'a ta wata ƙofar suke shiga. Duk da haka ka sanar da malamin gona na yankinku, ka kuma kai rahoto ofishin hukumar iri mafi kusa, domin ko ba a biya ka diyya ba, sanin inda cuta ta ɓulla yana taimaka wa masu bin sawunta.

Abin da ya fi ƙarar gaggawa shi ne gonar kanta, domin wannan ƙwayar cuta tana zama a cikin ƙasa bayan an kwashe amfani, kuma babu maganin feshi da ke kashe ta. Kada ka ajiye ko ƙwaya ɗaya daga wannan gona a matsayin iri. Ka hutar da wurin daga dankali na tsawon shekara uku zuwa huɗu, kuma a cikin wannan lokaci kada ka sa tumatir ko gauta ko tattasai ko attaruhu, domin dangi ɗaya suke da dankali kuma cutar tana rayuwa a jikinsu. Masara da acca da dawa su ne suka dace. Ka riƙa tuge gyauron dankali duk inda ya fito, domin gyauro ɗaya yana iya riƙe cutar har hutun ya tashi a banza. Ka wanke fartanya da garma kafin ka shiga wata gona da su, ka kuma lura da hanyar da ruwan sama ke bi daga wannan gona, domin yana ɗaukar cutar zuwa gonar da ke gangare.

TAMBAYA: Mu ƙungiyar mata manoma ce a Mangu. Mun iya ajiyar iri, har maƙwabta suna zuwa saye a wurinmu. Wani ya ce mana abin da muke yi ya saɓa wa doka tunda ba mu da rajista. Yaya za mu yi mu zama masu sayar da iri a hukumance?

AMSA: Sannunku da ƙoƙari, iyayenmu mata. Wanda ya ajiye iri daga gonarsa domin ya sake shukawa ba ya buƙatar izinin kowa. Amma da zarar abin ya zama sana'a, ana cika buhu ana sayarwa da sunan ingantaccen iri, doka ta buƙaci a yi rajista da hukumar iri, kuma shawarata ita ce ku yi, a matsayin ƙungiya, domin ɗawainiyar takardu da ta duba gona ta fi sauƙi idan an haɗa kai. Abu na farko da za a tambaye ku shi ne asalin irin da kuka shuka, kuma amsar da za ta karɓu ita ce irin tushe mai shaida. A nan kuna da sa'a, domin sashen binciken dankali na Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa, wadda hedikwatarta take Umudike a jihar Abiya, yana nan Kuru kusa da Jos, kuma nan ne ya kamata ku fara neman bayani. Sannan za a buƙaci gonar da ta huta daga dankali, wadda take da tazara daga gonakin dankalin ci, da alƙawarin tuge duk shukar da ta nuna cuta ko ta bambanta da nau'in, da kuma ɗakin ajiya mai iska.

Tambayarku ta taɓo inda nake ganin tsarinmu yana da gyara. An gina ƙa'idojin tantance iri ne da tunanin tsaba, irin su masara da shinkafa, inda kamfani ɗaya zai noma babbar gona, jami'i ya duba ta sau biyu ko uku, a ƙulla iri a 'yan ƙananan ledoji a rarraba ƙasa duka. Dankali ba haka yake ba. Ɗanye ne, yana numfashi, yana tsiro, yana ruɓewa, yana da nauyi, kuma duk cutar da uwa ta kamu da ita tana bin 'ya'yanta. Irinsa ba ya son doguwar tafiya, don haka dole a noma shi kusa da masu shuka shi, a ƙananan gonaki masu yawa da ke warwatse a ƙauyuka, waɗanda jami'an gwamnati ba su da yawan da za su zagaye su. Idan aka dage cewa kowace irin wannan gona sai ta cika sharuɗɗan babban kamfani, sakamakon shi ne mutane irinku za su ci gaba da sayarwa a bayan fage, kuma manomi zai ci gaba da saye babu wata kariya.

Akwai hanyar tsakiya da aka daɗe da sani. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da wani tsari a 1993, wanda ta sabunta a 2006, inda mai noman iri da ke da rajista yake bin ƙa'idoji masu sauƙi, ya bayyana ingancin kayansa da kansa a kan takarda, hukuma kuma ta duba wani kaso na gonakin, kamar ɗaya cikin goma, ta hukunta wanda ya yi ƙarya. A 2010 aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da amfanin da ake shukawa da saiwa ko kara, ciki har da dankali, kuma ƙasashe irin su Tanzaniya da Uganda da Habasha sun karɓe shi. Ingancinsa bai kai na cikakken tantancewa ba, amma buhu yana ɗauke da sunan wanda za a iya komawa wurinsa, kuma wannan kaɗai babban ci gaba ne a kan abin da ya sami mai tambaya ta farko. Dokar 2019 ta buɗe ƙofar ba wa masu duba gona masu zaman kansu lasisi a ƙarƙashin kulawar hukuma, kuma dankalin Filato yana cikin wuraren da suka fi buƙatar a yi amfani da wannan dama. Sharaɗi ɗaya ne ba zan yarda a sassauta ba ko ga wa: gonar da aka ga cutar yaushi a cikinta, amfaninta ya tafi tukunya, kada a kira shi iri.

TAMBAYA: Ina noman dankali da rani a jihar Kano, kuma kowace shekara daga Jos nake sayo iri. Na nemi tantaccen iri, na tarar ko dai babu, ko kuma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Me ya sa gwamnati ba za ta shigo da shi da yawa daga Turai ta sayar mana da rahusa ba?

AMSA: Malam, tsadar tana da dalilin da ya wuce son ribar 'yan kasuwa. Hekta ɗaya ta masara tana cin iri kamar kilo 20 zuwa 25, kuma abin da za a girbe ya ninka shi sau ɗari ko fiye. Hekta ɗaya ta dankali kuwa tana cin kimanin tan 2, wato buhu 40 masu kilo 50, kuma ko an yi noma mai kyau abin da ake samu bai cika wuce ninki goma ba. Saboda haka daga 'yan tsirrai masu tsabta da aka rena a cikin kwalabe a ɗakin gwaji, sai an yi shuka bayan shuka na shekaru kafin a tara abin da zai ishi manoma, kuma a kowane zagaye akwai kuɗin taki da feshi da ajiya da duba gona, ga haɗarin cuta ta shiga ta ɓata komai. Shi ya sa iri yake cinye kaso mafi girma na kuɗin noman dankali.

Shigowa da iri daga Turai ana yin sa, kuma nau'o'in da aka fi sani a Filato, irin su Nicola da Marabel da Diamant, asalinsu daga can ne. Manoman Nijar na yankin Agadas da na Bonkuku su ma sun daɗe suna dogara da irin Turai. Amma da kuɗin waje ake sayen sa, yana buƙatar jigila a cikin sanyi, kuma idan jirgi ya makara ya wuce lokacin shuka an yi asara. Sannan ƙofar da iri ke shigowa ita ce ƙofar da sabuwar cuta ke shigowa, shi ya sa sai da izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa ake shigo da shi, kuma a wannan wuri ina goyon bayan tsauri ƙwarai. A 2015 aka gano wata tsutsar saiwar dankali a Kenya wadda ƙwanta ke iya zama a cikin ƙasa har shekara ashirin, kuma ta bazu a manyan yankunan noman dankalin ƙasar. Irin wannan abu idan ya shiga ƙasar Filato babu tarar da za ta fitar da shi.

Hanyar da ta fi dorewa ita ce a hanzarta ninka iri a gida. Akwai dabarar da ake yanko kan tsiron da aka rena a ɗakin gwaji, a dasa shi ya yi saiwa a cikin rumfa mai raga, a ba manomin iri ya dasa kamar yadda ake dashen tumatir; an fara ta a Biyetnam, Kenya ma ta rungume ta, kuma tana rage shekarun jira. A 2023 aka yi rajistar sababbin nau'o'i huɗu a Nijeriya, wato Unica da Juriya da Babban da Kyau, waɗanda suka fito daga aikin Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima a ƙasar Peru tare da masananmu, kuma an zaɓe su ne musamman saboda yawan amfani da jure cutar ƙunar ganye, wadda ta sha cinye gonakin Filato a damina mai yawan ruwa da hazo. Amma rajistar nau'i daban, isarsa hannun manomi daban, kuma a wannan tazara ne ya kamata kuɗin gwamnati ya shiga. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suna nuna abin da hekta ke bayarwa a Nijeriya bai kai tan 5 ba, alhali matsakaicin duniya ya haura tan 20, kuma gajiyayyen iri yana cikin manyan dalilai.

Kai kuma a naka ɓangaren, tunda zafin Kano ba zai bari ka ajiye iri daga rani zuwa rani cikin sauƙi ba, ku haɗu da 'yan'uwanka manoma ku ƙulla ciniki kai tsaye da masu noman iri a Filato tun shuka tana gona. Ku tura wanda ya san aiki ya ga gonar lokacin da take fure, domin a wannan lokaci ne cuta da cakuɗar nau'i suke bayyana, abin da ba za a gani a buhu ba. Ku kuma tambayi ranar tono, domin dankali yana kwana wata biyu zuwa uku kafin idanunsa su buɗe, kuma wanda aka shuka bai farka ba yakan daɗe a ƙasa har ya ruɓe.

TAMBAYA: Ni ƙaramin manomi ne a Barikin Ladi, ba ni da halin sayen sabon iri kowace shekara. Shekara da shekaru ina ware ƙanana in ajiye, amma amfani sai raguwa yake yi ko na ƙara taki. Mene ne laifina?

AMSA: Ɗan'uwa, ware ƙanana daga tarin da aka riga aka tono shi ne tushen matsalar. Akwai cututtukan bairas da ƙwarin darɓa ke ɗauka daga shuka zuwa shuka, waɗanda ke sa ganye ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbare, shukar ta tsumbure ta haifi ƙananan 'ya'ya. Idan ka tsinci ƙanana daga tari, mafi yawan abin da ka tsinta 'ya'yan marasa lafiya ne, kuma kowace shekara rabonsu a gonarka ƙaruwa yake yi. Taki ba ya warkar da wannan.

Zaɓen ya kamata ya koma gona. Lokacin da shuka ta kusa fure, ka bi kunya-kunya ka kafa tsinke a gindin duk wadda ka ga tana da ƙarfi da koren ganye shimfiɗaɗɗe, wadda kuma babu mai yaushi kusa da ita. Bayan mako biyu ka sake zagayawa ka cire tsinken duk wadda ta canza. Ranar tono ka fara da masu tsinke, kowace ka duba 'ya'yanta daban, ka ɗauki masu girman ƙwan kaza daga waɗanda suka yi zubi mai kyau. An gwada wannan dabara da ƙananan manoma a Kenya kuma amfani ya ƙaru sosai ba tare da an kashe ko sisi ba. Ka guji yanka babban dankali gida biyu domin ya yawaita, domin wuƙar tana kwasar cuta daga ɗaya ta shafa wa sauran.

Wajen ajiya kuma, kada ka tura iri cikin buhu a ɗaki mai duhu, inda zai fitar da dogayen fararen tsiro masu karyewa. Ka shimfiɗa shi a kan kantocin katako ko na gora, kauri bai wuce ƙwaya uku ba, a rumfa mai iska wadda haske ke shiga amma rana ba ta dukan sa kai tsaye. Zai yi kore, ya fitar da gajerun tsiro masu ƙarfi, sai dai wanda ya yi kore ba a cin sa. Kuma ko da wannan kulawa, iri yana gajiya, don haka duk bayan shuka uku ko huɗu ka nemi tantacce ko da buhu biyu ne, ka ware masa wuri mafi tsabta a gonarka ka ninka shi. Kilo 100 da aka kula da shi yana iya ba ka abin da zai rufe kusan sulusin hekta a shuka ta gaba, kuma idan ku huɗu ko biyar kuka haɗa kuɗi kuka yi gonar iri guda, kowa zai sami rabonsa a kan kuɗin da bai kai na sayen buhunan kasuwa ba.